Mu Yi Wa Iyayenmu Rajistar Inshorar Lafiya Tun Suna Tafiya da Ƙafafunsu

'Yan'uwa, duk wanda Allah ya bar masa uwa ko uba a raye, da shi nake magana.

Kowa ya san yadda abin yake zuwa. Cikin dare waya ta yi ƙara: Baba ya yanke jiki ya faɗi, ko jinin Inna ya hau. A kwasa sai asibiti. Kafin gari ya waye an miƙo takardar gwaji, an miƙo ta magani, an ce a ajiye kuɗin gado. Daga nan sai kiran dangi, sai sayar da akuya, sai jinginar da gona. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. Ciwon tsufa kuwa, irin su hawan jini da ciwon suga, ba ya zuwa ya tafi. Kowane wata sai ya ci kuɗi.

Alhali akwai ƙofa, mu ne ba mu ƙwanƙwasa ba. A watan Mayun 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin tsohon tsarin NHIS. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya musu, tare da ƙananan yara, masu juna biyu, masu naƙasa da marasa galihu. Tun kafin ita, dokar lafiya ta 2014 ta samar da asusun BHCPF, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da talaka a asibitin mazaɓarsa. Jihohinmu ma suna da hukumominsu: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, GoHealth a Gombe. Da dukiyar ƙasa ake tafiyar da wannan. Haƙƙin iyayenmu ne, ba alfarma ba ce.

Ma'aikatan gwamnati, ku saurara da kyau, don a nan da yawanmu suke ruɗuwa. Katin da kake da shi ta wurin aiki yana ɗaukar ka, da matarka, da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Mahaifiyarka ba ta ciki. Mahaifinka ba ya ciki. Kada ka kwanta da tunanin katinka zai yi musu rana. In kuwa Baba tsohon ma'aikaci ne, je ka binciko ko katinsa na nan da rai bayan ya yi ritaya. Kada ka ɗauka haka nan.

Hanya biyu ce a gabanka. Idan gidan ba shi da ƙarfi, ka nufi asibitin mazaɓa ko ofishin hukumar jiharku ka tambayi rajistar masu rauni, wadda ba a biyan ko sisi. Gurabenta ƙididdigaggu ne, wanda ya je ya tsaya shi ke samu. Idan kuwa ku 'ya'ya kuna da abin hannu, ku bar wa mabuƙata wannan gurbi, ku haɗa kuɗi ku biya na shekara, ko a tsarin jiha ko a shirin GIFSHIP na hukumar tarayya. Abin da kuke tarawa na biki ɗaya ya isa. Ku tabbatar tsohon yana da lambar NIN, don za a neme ta, kuma sunan da ke jikinta shi za a rubuta a rajista.

Wajen zaɓen asibiti ne ake son natsuwa. Kada sunan babban asibiti ya ruɗe ka. Zaɓi wanda Inna za ta iya zuwa a adaidaita sahu ba tare da ta jira ka taso daga aiki ba, domin a nan za ta riƙa awon jini da karɓar magani. In ciwo ya fi ƙarfinsu, su ne za su tura ta gaba da takarda. Ka tambaya baki da baki: maganin hawan jini da na suga suna ciki? Aikin yanar ido fa? Wankin ƙoda, nawa suke ɗauka, nawa ya rage a kanmu? Yaushe katin zai fara aiki, yaushe zai ƙare? Rubuta amsoshin. Sau da yawa kati ba ya aiki ranar da aka biya, sai an jira wani lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasu za su ce: kayan gwamnati ne, za ka je a ce maka magani ya ƙare. Hakan na faruwa, kuma abin takaici ne ƙwarai. Amma mai kati yana da ofishin da zai kai ƙara, yana da hujjar da zai tsaya a kanta. Wanda ba shi da kati aljihunsa kaɗai gare shi. Idan an wulaƙanta tsohonka, kai ƙorafi a rubuce, ka koma ka bi sawu.

Tsohon ma zai iya turjewa ya ce, "Rai a hannun Allah yake, ku bar wahalar da kanku." Kada ka yi masa gardama. Durƙusa ka ce, "Haka ne Baba, mu dai sababi muke riƙewa, hankalinmu ne zai kwanta." Ka sa ranar, ka zo da abin hawa, ka bi layin da kanka shi yana zaune a inuwa.

'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima, ku naku ya fi sauƙi: a tsarin NHIS na Gana, wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin inshora na shekara, ɗan kuɗin rajista kawai ake biya, ana kuma sabunta kati ta waya da *929#. Ku duba katin Kaka yau, kada katin ya mutu a aljihu.

Limamai, ku faɗi wannan a kan mumbari. Masu unguwanni, ku ƙirga tsofaffin da ba su da ɗa a kusa, a samu matasan da za su raka su. Kai kuma mai karatu, kira yayyenka da ƙannenka a daren nan, ku tsayar da wanda zai kai Baba da Inna rajista cikin makon nan.