Yankari: Sauya Suna Ba Ya Tsare Giwa

Akwai wata ɗabi'a da ta zame wa shugabanninmu jiki: idan dukiyar al'umma ta fara lalacewa, sai a sauya mata suna ko a miƙa ta ga wani, a yi biki, a watse kamar an gama aiki. Babu inda wannan ɗabi'a ta fito fili kamar a gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi.

A shekarar 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji, aka kuma buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Da aka raba Arewa a 1967, dajin ya faɗa hannun Jihar Arewa maso Gabas, sannan jihar Bauchi ta gaje shi a 1976. A 1991 gwamnatin soja ta karɓe shi, ta raɗa masa sunan gandun daji na ƙasa. A 2006 kuma Gwamnatin Tarayya ta mayar wa Bauchi, ya koma tsohon sunansa. Cikin shekara 50 ke nan, daji ɗaya mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200 ya ga iyayen riƙo iri-iri. Kogin Gaji bai bar kwararsa ba, ruwan Wikki bai daina ɗumi ba, amma giwaye da zakuna sai raguwa suka yi ta yi, alhali suna cikin na ƙarshe da suka saura a Najeriya.

Masu son mayarwa ga jiha suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Abuja kuwa ta yi nisa. Masu son riƙon Tarayya suna cewa aljihun jiha ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Kowane ɓangare yana da guntuwar gaskiya, amma dukansu sun kauce wa tambayar da ta fi muhimmanci. Maharbin da ke farautar haure ba ya tsayawa ya karanta allon bakin ƙofa. Abin da yake dubawa shi ne ko akwai mai gadi, ko mai gadin yana da takalmi da abinci da makami, ko kuma albashinsa ya makale wata da watanni. Da mallaka ce ke tsare daji, da jihar Bauchi ba ta nemi ƙungiyar Wildlife Conservation Society ta kama mata aikin sintiri a 2014 ba, shekara 8 kacal bayan murnar dawowar Yankari.

Kada kuma a ɗauka riƙon Tarayya ne magani. Dajin Kamuku na Birnin Gwari ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, yau kuwa an fi jin sunansa a labaran 'yan bindiga. Sambisa ma gandun namun daji ne kafin ya zama maɓoyar Boko Haram. Dajin da hukuma ta mallaka a takarda ta kuma bar shi ba mai tsaro ba ya zama kango, wani ne zai shiga ya zauna. Saboda haka batun ya wuce na giwa, ya shafi ran manomi da matafiyi.

Duk da wannan darasi, a 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. An sake fara wa daga suna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Babbar illar wannan miƙe-miƙe ita ce yadda take ɓatar da mai laifi. Sabon mai riƙo ya ce a lalace ya tarar, tsohon ya ce lafiya lau ya bayar. Tsakaninsu ma'aikata ba su san makomarsu ba, manomin yankin Alƙaleri da giwaye suka tattake masa gona ya rasa ofishin da zai kai kuka. Mutumin da daji bai ba shi komai ba sai asara, da wace hujja za a nemi ya tona asirin mafarauci?

Ba na cewa kada a taɓa miƙa gandun daji. Ina cewa kada a miƙa shi hannu rabbana. Doka ta wajabta ƙirga dabbobi kafin miƙawa, a sake ƙirgawa bayan wasu shekaru, a bayyana wa jama'a sakamakon. Mai karɓa ya nuna inda kuɗin masu gadi zai fito, ta hanyar da sauyin gwamna ba zai toshe ba. A yanka wa ƙauyukan da ke kewaye kasonsu daga kuɗin shiga, a kuma biya diyyar gonakin da aka ɓata. Gwamnatin da ba za ta iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, ta jiha ce ko ta Tarayya, ba ta cancanci a damƙa mata amanar Yankari ba.