Wace na'urar jin waƙa ce ta fi? Ba wadda kuke ta zuzutawa ba ce 🧵

1/ Jiya na ɗora hoton 'yar MP3 ɗina, sai ga jama'a suna min dariya wai "a wannan zamanin?" Wasu kuma suka ce in dai saya zan yi, in sayi mai tsada ta Hi-Res. Ku duka kun kauce hanya. Ku gyara zama.

2/ Mu fara da 'yan "ai waya ta isa". Ta isa a ina? A ɗakin da ake kawo wuta awa biyu a ɗauke? Kana jin waƙa caji na zuba, data na tafiya. Dare ya yi Umma ta kira, a ce mata wayarka a kashe take.

3/ Ni satin jarrabawa ne ya farkar da ni. Na shiga laburare da waya wai zan sa sauti a hankali in yi karatu. Awa uku, shafi huɗu na karanta wallahi. Duk lokacin da na ɗaga waya don canza waƙa, sai in tsinci kaina a cikin bidiyo.

4/ Sannan waƙar da ke cikin manhajar biyan kuɗi haya ka ɗauka. A Spotify, ko ka sauke waƙa dole ka hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30. Ka daina biya, abin da ka sauke ya rufe. Fayil ɗin da ke cikin mimorinka kuwa babu mai karɓe maka.

5/ Wani ya ce "ai ko Apple ya daina iPod". Haka ne, ya fito da ita a 2001, ya daina a 2022, don masu sayen kayansa sun koma iPhone. Lissafin kasuwarsa ya yi. Kai ma ka yi naka lissafin, da wutar unguwarku da kuɗin datarka.

6/ Yanzu 'yan Hi-Res. Kunnen ɗan Adam yana ji ne daga 20Hz zuwa kusan 20,000Hz, kuma yana raguwa da shekaru. Ingancin CD, wato 44.1kHz, ya riga ya ɗauke wannan duka. To 192kHz ɗin da aka rubuta a kwali, don jemage za ka saya?

7/ Kuma tsakaninka da Allah, me ke cikin mimorinka? Waƙoƙin da aka turo maka ta Xender da WhatsApp, yawanci 128kbps. Na Shata da Ɗanmaraya ma daga kaset aka kwafo. Abin da aka riga aka yanke daga sauti, babu na'urar da za ta dawo da shi, komai tsadarta.

8/ Da yawa daga cikin masu tsadar nan Android ce a ciki, da babban allo da Wi-Fi. Caji ya fi saurin ƙarewa, manhajojin da kake gudu sun biyo ka. Ka sayi waya ta biyu da ba ta kira, shi ke nan.

9/ To me za ka duba? Na farko, ramin mimori, microSD. MP3 mai 320kbps tana cin kusan 2.4MB a minti. Waƙar minti huɗu kusan 10MB ke nan. Mimori 32GB zai ɗauki sama da 3,000. Na'ura ta lalace, ka zare mimorinka ka yi gaba.

10/ Ka karanta sunan da kyau. SanDisk Clip Sport tana da ramin mimori, Clip Sport Plus ba ta da shi. Kalma ɗaya ce ta raba su. Kar ka dogara da "ai duk ɗaya ne" na mai shago, ka juya ta ka ga ramin da idonka.

11/ Na biyu, batiri da maɓalli. Ƙananan nan marasa babban allo suna daɗewa, ita Clip Sport kamfanin ya ce tana kai awa 25. Maɓallin dannawa kuma yana ba ka damar canza waƙa daga cikin aljihu, kana cikin adaidaita ba sai ka fito da komai ba.

12/ Na uku, ramin iyafis na 3.5mm. Bluetooth yana da daɗi, amma batiri na biyu ne da za ka riƙa yi wa caji, kuma yana matse sauti. In kana da rarar kuɗi, zuba a iyafis mai kyau. Nan ne kunnenka zai ji bambanci nan take.

13/ Na huɗu, ta yarda ka jona a kwamfuta ka zuba fayil kai tsaye, ta nuna folda-folda, kuma ta ci gaba daga inda ka tsaya. Masu sauraron tafsiri da lakca sun san zafin karatun awa biyu ya koma farko.

14/ Hattara da jabu. Na taɓa sayen mimori an rubuta 64GB. Da na wuce wajen 8GB sai waƙoƙi suka fara ƙin buɗuwa, har da rikodin ɗin lakcar da na dogara da shi. Ka gwada sabon mimori da H2testw a kwamfuta kafin ka zuba masa abin da kake so.

15/ Ka tausaya wa kunnenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga babba, ƙarar 80dB kar ta wuce awa 40 a mako. In na kusa da kai yana jin abin da kake ji daga iyafis ɗinka, ka rage.

16/ Masu cewa ina koya wa mutane satar fasaha, a'a. In mawaƙi yana sayar da waƙarsa, saya ka zuba. Shi ma da guminsa ya biya situdiyo. Mallaka nake magana a kai, ban ce a ɗauki haƙƙin kowa ba.

17/ In gidanku wuta ba ta yankewa, data ba ta dame ka ba, kuma kana iya riƙe waya ba ka leƙa ko'ina ba, zauna da wayarka, Allah ya ba da sa'a. Mu sauran kuwa: ƙarama, mai mimori, mai maɓalli, mai riƙe caji. Mai ja ya zo da hujja a ƙasa, ina nan.