Cikakken Bugun Wasan Bidiyo: Riba Ce Ko Hasara?

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Atiku da maraice, bayan rana ta yi sanyi, ya san yadda samari ke taruwa suna musu a kan ƙwallo da wasannin bidiyo. A nan ne kwanan baya wani ɗan ƙanwata, ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya tare ni da tambaya. Ya ce, "Kawu, ga wasa nan iri biyu, ɗaya tsurarsa, ɗaya kuwa cikakke ne, an haɗa shi da dukan ƙare-ƙarensa, amma ya fi tsada. Wanne zan saya?" Da farko na so in yi masa faɗa, gama a ganina ɗalibi yana da abin da ya fi wannan muhimmanci. Amma da na yi tunani sai na ga yaron ya tara kuɗin nan ne da gumin goshinsa lokacin hutu, kuma ko na yarda ko na ƙi zai saya. Saboda haka gara a nuna masa yadda ake ciniki da basira. Tambayar nan kuwa ta shafi ma'aikata da yawa waɗanda 'ya'yansu ke damunsu da irinta.

Bari mu fara bayyana abin da ake magana a kai. Kamfanonin wasanni sukan fitar da wasa, sa'an nan bayan 'yan watanni su fitar da ƙari, watau sabon labari ko sabuwar ƙasa ko sababbin rundunoni da za a ɗora a kan na asali, kowanne da kuɗinsa. Idan aka yi shekara ɗaya ko biyu, sai su tattara uwar da 'ya'yanta a kunshi ɗaya su kira shi cikakken bugu, kamar dai yadda maɗaba'a takan haɗa littafi na ɗaya da na biyu da na uku cikin bango ɗaya.

Ra'ayina shi ne, cikakken bugu na gaskiya ya cancanci saye, har ma ya fi dacewa da aljihun mutumin ƙasarmu fiye da sabon wasa mai zafi. Amma fa ba duk abin da aka rubuta wa "cikakke" ne yake cikakke ba, kuma a nan ne ake cutar marasa lura.

Ga hujjata ta farko. A watan Mayu na 2015 kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya fitar da The Witcher 3 a kan Dala 60. Ƙare-ƙarensa biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine, an sayar da su tare a kan Dala 25. Wanda ya yi gaggawa ya biya Dala 85 ke nan. A watan Agusta na 2016 aka haɗa su duka aka sayar a kan Dala 50. Haƙurin wata goma sha biyar ya rage wa mai saye Dala 35, alhali kuwa ko ɗigo bai ragu daga cikin wasan ba. Wasan labari ba tumatir ba ne da zai ruɓe idan an ajiye shi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Sabon wasa yakan fito da kurakurai, sai daga baya a riƙa gyarawa. Wannan kamfani dai shi ne ya fitar da Cyberpunk 2077 a watan Disamba na 2020, wasan ya zo da tangarɗa mai yawa a kan na'urar PlayStation 4, har kamfanin Sony ya janye shi daga kantinsa na intanet ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai watan Yuni na 2021. Cikakken bugunsa ya fito a watan Disamba na 2023 bayan an yi ta gyare-gyare. Waɗanda suka ruga da fari sun biya da tsada sun sha takaici, masu jira kuwa sun sami gyararre. Lalle sauri ya haifi nawa.

To, ina tarkon yake? Yana wurare uku, kuma ya kamata kowane mai saye ya san su kafin ya zaro ko kwabo.

Na farko shi ne suna. Wasan da samarinmu suka fi so a Sakkwato shi ne na ƙwallon ƙafa, wanda aka sani da FIFA, har kamfanin EA ya sake masa suna zuwa EA Sports FC a 2023. A shekarar aka sayar da bugun yau da kullum a kan Dala 70 ga sababbin na'urori, wanda aka kira Ultimate kuwa Dala 100. Me Dala 30 ɗin nan ta sayo? Damar fara wasa kwana bakwai kafin sauran mutane, da wasu maki da ake kashewa a cikin wasan. Babu sabon labari, babu sabuwar ƙasa, kuma bayan shekara ɗaya wani sabo zai fito ya mayar da shi tsohon yayi. Wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo. Har wa yau, ko cikakken bugu na gaskiya yana iya zama ragagge daga baya. Alal misali, Age of Empires III na 2005 an sabunta shi a 2020 tare da tsofaffin ƙare-ƙarensa biyu. Amma ƙarin da ya fi shafarmu, The African Royals, wanda ya kawo Hausawa da Habashawa, har da Sarauniya Amina ta Zazzau, sai a watan Agusta na 2021 ya fito, da kuɗinsa dabam. Ashe ke nan tilas ne a karanta jerin abin da ke cikin kunshin, kada a tsaya ga babban rubutun da ke bango.

Na biyu shi ne faifai da lamba. Yawancin masu saye a nan faifai na hannu suke saye, watau wanda wani ya riga ya mora. A wasu bugun ƙarin yana cikin faifan, wannan ba laifi. A wasu kuwa wata 'yar takarda ce mai lamba a cikin kwalin, wadda ake shigarwa sau ɗaya tak. Haka aka yi da cikakken bugun Cyberpunk 2077 na PlayStation 5. Idan mai shi na farko ya yi amfani da lambar, kai na biyu ka biya kuɗin cikakke ka tafi gida da tsurar wasa. Bugu da ƙari, lambar takan dace ne da shiyyar da aka yi ta dominta kaɗai, wadda aka yi wa Amurka ba za ta karɓu a asusun Ingila ba. Kuma ƙarin wasan nan, Phantom Liberty, ba a yi shi domin PlayStation 4 ba ko kaɗan. Cinikin biri a sama ke nan ga wanda bai bincika ba.

Na uku shi ne mallaka. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren motoci The Crew a 2014, wanda ba ya yiwuwa sai da intanet. A ƙarshen watan Maris na 2024 ya rufe na'urorin da ke ɗauke da shi, wasan ya mutu a hannun kowa, har da waɗanda suka sayi dukan ƙare-ƙarensa. A shekarar ce jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta wajabta wa masu sayarwa su bayyana cewa izinin amfani ne mutum ke biya. Wasan da ba ya tashi sai da intanet, aro ne, komai cikarsa.

Yanzu sai mu auna da namu ma'aunin. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙanƙantar albashi a kan Naira 70,000. A wancan lissafi, bugun Dala 100 ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata biyu har da ɗoriya. Ga kuma kuɗin data, wanda Hukumar Sadarwa ta yarda a ƙara da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, alhali manyan wasanni sukan haura gigabayit 50 wajen saukewa. Ba a ma zo kan man janareta ba tukuna.

Na san wani zai ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, daɗin wasa shi ne a yi shi lokacin da abokai ke yinsa. Wannan gaskiya ne ga wasan ƙwallo da na gasa, shi ya sa na ce a irinsu a sayi bugun yau da kullum kawai, ko a biya 'yan kuɗi kaɗan a shagon wasa a buga da abokai. Wani kuma zai ce mene ne amfanin ƙari ga wanda ko uwar wasan bai gama ba? Wannan ma magana ce mai kyau. Ɗalibin da ke fuskantar jarrabawa, ko ma'aikacin da ba shi da sarari sai ranar Asabar, idan bai tabbata wasan zai riƙe shi ba, ya ara ya gwada tukuna. Rangwame a kan abin da ba za ka mora ba hasara ce.

Ga iyaye kuwa, a dubi alamar shekaru da ke jikin kwali. The Witcher 3 da Cyberpunk 2077 duka na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, akwai zubar da jini da abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Na kawo su ne domin lissafi kurum.

Abin da na gaya wa ɗan ƙanwata ke nan: ya biya kuɗin makaranta tukuna, ya sa mai shago ya kunna faifan a gabansa ya ga ƙarin da idonsa, ya tabbata wasan yana tashi ba da intanet ba. Idan sharuɗɗan nan sun cika, ya sayi cikakken. Idan ɗaya ya faɗi, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya jira. Allah Ya sa mu dace.