Kaka, Biki da Gayya: Makarantar Zaman Tare

Ya kai mai karatu, idan aka tambaye ka inda ake koyon zaman lafiya, wataƙila za ka ce a taron manyan mutane, ko a ofishin gwamnati, ko a wurin jami'an tsaro. Duk waɗannan suna da amfaninsu. Amma ni a ganina, a gida ake fara koyon zama da mutane, kuma babban malami a wannan makaranta shi ne kaka, wato wanda ya haifi uwarka ko ubanka. Darussan makarantar uku ne: hira da tsofaffi, da kai abincin biki ga maƙwabta, da fita aikin gayya. Zan kafa hujjata da unguwar Gada Biyu ta birnin Jos, domin a can za ka ga abin da ake samu idan an riƙe waɗannan al'adu, da kuma abin da ake rasawa idan an sake su.

Gada Biyu jiya da yau

Gada Biyu tana cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, a Jihar Filato, daura da Kabong. Wuri ne na hada-hada, ga kasuwa, ga masu ababen hawa, ga 'yan makaranta suna kaiwa da komowa. Sunan unguwar na Hausa ne, kamar sunayen Farin Gada da Tudun Wada da Dogon Dutse, duk da cewa da yawa daga cikin mazaunanta ba da Hausa suka fara magana ba. Dalili shi ne, tun farkon ƙarni na 20 haƙar kuza ta jawo mutane daga ko'ina zuwa Jos. Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauransu suka zo suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere. Hausa ta zama harshen ciniki da gaisuwa a tsakaninsu. Har yau akwai majami'u da yawa a Jos da ake yin sujada da Hausa, kamar yadda ake yin wa'azi da ita a masallatai.

Wannan zama na cuɗanya ya gamu da jarrabawa mai tsanani. A watan Satumba na 2001 rikici ya ɓarke a Jos, ya sake tashi a 2008 da 2010. A daren jajiberin Kirsimeti, 24 ga Disamba, 2010, bama-bamai suka tashi a yankin Kabong da Gada Biyu da kuma Unguwar Rukuba, a lokacin da mutane suke sayayyar biki. An rasa rayuka da yawa. A cikin waɗannan shekaru iyalai masu yawa suka bar gidajensu, kowa ya koma inda mabiya addininsa suka fi yawa. Unguwannin da a da suke gauraye suka rabu.

To, ka lura da wani abu. Duk ɗalibin da yake makarantar sakandare a yau, bayan 2001 aka haife shi. Yaron Gada Biyu zai iya girma bai taɓa cin abinci a gidan Musulmi ba, kamar yadda yaron Unguwar Rogo zai iya girma bai taɓa shiga gidan Kirista ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗan'uwansa, a bakin mutane ya ji shi. Waɗanda suka ga wancan zamani da idonsu, suka zauna a gida ɗaya da mai wani addini, suka ɗebi ruwa a famfo ɗaya, su ne kakanni. Kuma kullum yawansu raguwa yake yi.

Darasi na farko: hira da kaka

A al'adar Hausawa akwai wasa tsakanin jika da kaka. Kaka mace takan kira jikanta namiji "maigidana", ta kira jikanyarta "kishiyata". Kaka namiji kuma yakan ce jikanyarsa "amaryata" ce. Jika zai iya zolayar kakansa, ya ce masa ya tsufa, haƙoransa sun zube, a yi dariya a wuce. Yaro ba ya yi wa ubansa haka, domin tsakanin ɗa da uba akwai kunya. Wannan wasa yana da hikima a cikinsa. Ya buɗe wa yaro ƙofar da zai yi tambayar da ba zai iya yi wa iyayensa ba, kuma ya sami amsa ba tare da tsawa ba.

A wurin kaka ne yaro yakan fara jin tatsuniya. Da dare ya yi, sanyin Jos ya sauko, jikoki sukan kewaye ta. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Su ce, "Ta zo mu ji ta." Daga labarin Gizo da Ƙoƙi suna koyon ƙarshen mai haɗama da mai yaudara. Kowace ƙabila ta Filato tana da nata tatsuniyoyi a cikin harshenta, kuma sau da yawa kaka ce kaɗai ta rage a gida mai jin harshen sosai.

Ina ba ka shawara ka wuce tatsuniya, ka tambayi kakanka tarihin rayuwarsa. A wace unguwa ya girma? Su wane ne maƙwabtansa? Wa ya koya masa sana'a? Wa ya ranta masa kuɗi lokacin da ya shiga matsi? Wace mata ce ta zauna da kakarka ranar da ta haifi mahaifinka? Za ka yi mamakin sunayen da za ka ji. A gidaje da yawa na Jos, sunan wani mai addini dabam ne zai fito. Idan ka ji wannan daga bakin mutumin da kake ƙauna, zai yi wuya wani baƙo ya zo daga baya ya shawo kanka cewa mutanen ƙetaren titi duka abokan gaba ne.

Darasi na biyu: kwanon biki

Iyali a Jos ba ya rasa biki. Akwai Ƙaramar Salla da Babbar Salla, akwai Kirsimeti da Ista da Sabuwar Shekara. Akwai bikin suna, wanda Musulmi suke yi a rana ta bakwai da haihuwa, akwai bikin aure, akwai kuma bukukuwan gargajiya irin su Nzem Berom. A duk waɗannan, tsofaffin gida ne suke tsara abin da za a yi. Su suka san wanda ya kamata a gayyata, da wanda za a fara gaidawa.

Tsohuwar al'adar garin ita ce, ranar biki ba a cin abinci a ɓoye. Ranar Salla, uwar gida takan zuba tuwon shinkafa ko waina, ta ɗora naman layya idan Babbar Salla ce, ta aika wa maƙwabciyarta Kirista. Ranar Kirsimeti kuma shinkafa da miya da cincin su dawo. Akwai Kiristocin da sukan kira Musulmi ya yanka musu dabbar biki, domin maƙwabtansu su ci hankali kwance. Ka tambayi kanka, wa ake aika da kwanon? Yara ake aika. Yaro ya sa sabon kaya, ya yi sallama, ya durƙusa ya ce, "Mama, an ce a kawo muku." A sa masa albarka, a ba shi tukuici, wato ɗan abin da ake ba wanda ya kawo kyauta. Kafin ya koma gida ya koyi gaisuwa, ya san ƙofar gidan, ya san fuskokin mutanen ciki.

Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake. Saƙon barka da Salla ta waya abu ne mai kyau, amma ba ya sa ka san tsakar gidan mutum, ba ya sa ka ga cewa tsohonsu yana kwance ba lafiya. Da unguwanni suka rabu, tafiyar kwanon biki ta yi nisa, a wasu gidaje ma ta tsaya. Inda aka ci gaba da ita, galibi za ka tarar da wata tsohuwa ce ta nace sai an kai wa aminiyarta ta dā rabonta, ko da sai an hau mota.

Darasi na uku: aikin gayya

Gayya ita ce a tara mutane su yi wa wani aiki ba tare da biya ba. A ƙauyukan Filato, da gayya ake noma da girbin acca, da ita ake ɗora jinkar ɗaki. Mai gona ya dafa abinci, a yi aiki ana waƙa. Gobe kuma a koma gonar wani. Daga nan aka sami karin maganar nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikin birni gayya ta sauya kama, amma ba ta mutu ba. Jos gari ne mai duwatsu da gangare, ruwan sama kuma yana da yawa. Idan shara ta toshe lambatu, ruwa ba ya tambayar addinin mai gida kafin ya shiga ɗaki. Don haka yashe magudanar ruwa kafin damina aikin kowa ne. Haka nan share kasuwa, da cike ramukan hanya, da gyaran rijiya ko famfon unguwa. Akwai kuma ƙungiyoyi masu tsari. A majami'u akwai Zumuntar Mata, waɗanda suke ziyartar marasa lafiya da gidajen makoki. A ɓangaren Musulmi akwai 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam, da na ƙungiyar Izala wadda aka kafa a nan Jos a 1978, suna taimakawa a asibitoci da wuraren taro. Gwamnatin jihar ma ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2016. Sai dai hukuma tana iya shirya taro, amma sabo tsakanin matasa biyu yakan fi ƙulluwa ne idan sun riƙe shebur ɗaya, sun gaji tare, sun sha ruwa a moɗa ɗaya.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce ai tsofaffi ma suna koya wa yara ƙiyayya. Gaskiya ne. Wanda aka ƙone wa gida ko aka kashe wa ɗa yana ɗauke da ciwo, kuma ba daidai ba ne ka raina ciwonsa. Ka saurare shi da ladabi. Sannan ka tambaye shi, "Kaka, a ranar nan babu wanda ya taimake ku?" Labarin waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu yana da yawa a Filato. Wanda ya fi shahara shi ne na Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, a Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi. A watan Yuni na 2018, wannan dattijo mai shekara sama da 80 ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a cikin masallaci da gidansa, ya kuma ƙi miƙa su ga mahara. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo. Mutanen da ya ceta maƙwabtansa ne, waɗanda ya daɗe yana zaune da su.

Wani kuma zai ce ɗalibi ba shi da lokaci, ga jarrabawa, ga aikin gida. Ka ƙirga sa'o'in da kake yi a kan waya a mako ɗaya, ka cire biyu daga ciki. Wani zai kawo maganar tsaro, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya. Ba na cewa ka shiga inda iyayenka suka hana ka. Ka tafi da izininsu, da rana, tare da babba. Idan hakan bai yiwu ba, akwai ɗan ajinku mai addini dabam da naka, sai ka fara da shi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ko a Gada Biyu kake ko a wani gari, ga abin da nake roƙonka. A wannan mako ka zauna da kakanka, ko wani tsoho na unguwarku idan naka ba su da rai, ka rubuta sunayen maƙwabtansa na dā a cikin littafinka. Idan biki ya zo, ka ce kai za ka kai kwanon. Ranar da aka yi shelar yashe lambatu, ka fito da wuri, ka kuma kira abokinka ku tafi tare.