Sunayen Zane: A Fara Daga Gida

Ɗalibin da ke koyon Turanci akan ba shi jerin kalmomin bayyana zane da launi ya haddace, har ya iya sifanta hoton da bai taɓa gani ba. Amma a kai shi kasuwar Jega, a miƙa masa babbar riga, a ce ya sifanta aikin ƙirjinta, sai ya ce "tana da kyau", ya yi shiru. A ganina wannan asara ce babba.

Hausa kuwa ba ta rasa waɗannan kalmomi ba. Maɗinki ya san aska biyu da aska takwas, ya san tambari da linzami. Magini ya san zanko da dagi da makuba, da bakan gizo irin wanda Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaga a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Wajen launi muna da ja wur, kore shar, ruwan goro da ruwan ɗorawa. Tun 1934 Bargery ya tattara da yawansu cikin ƙamusunsa, amma ajin Turanci bai waiwaye su ba.

Wanda ya bambance aska da tambari, idonsa ya riga ya waye. Suna kawai Turanci zai ƙara masa. Saboda haka ina kira ga malamanmu, daga Aliero har Maiyama, su tura ɗalibai wajen maɗinka da magina su rubuto sunayen nan, sannan a nemo takwarorinsu na Turanci. Tsofaffin gwanaye suna ƙarewa, kuma kowanne da kalmominsa yake tafiya.