Shekara 32 Tana Farautar Ƙwayar Cuta Guda

A shekarar 1983, a Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris na ƙasar Faransa, Françoise Barré-Sinoussi ta gano ƙwayar cutar ƙanjamau a cikin kaluluwar wani majiyyaci. A 2008 aka ba ta lambar yabo ta Nobel tare da Luc Montagnier. A 2015 ta yi ritaya, alhali ba a sami maganin da ke kawar da cutar ba. Wasu za su ce ta gaza. A ganina ba su fahimci aikin ba.

Wahalar a nan take: ƙwayar takan dasa kanta a cikin fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne jagororin garkuwar jiki, ta yi lamo. Haɗin magungunan da ya fito a 1996 yana hana ta hayayyafa, amma ba ya iske ta a maɓoyarta. Da zarar an daina sha, cikin 'yan makonni sai ta farfaɗo. Don haka wannan masaniya ta mai da hankali ga mutanen da garkuwar jikinsu ke danne ƙwayar ba tare da magani ba, waɗanda ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Lokacin da ta shugabanci Ƙungiyar Masana Ƙanjamau ta Duniya, daga 2012 zuwa 2014, ta tara masu bincike a kan neman waraka.

Mai karatu ya dubi abubuwa biyu da suka faru a 2007. A Berlin aka yi wa Timothy Ray Brown dashen ɓargo saboda sankarar jini, daga jikin wani wanda ƙwayoyinsa ba su da ƙofar CCR5 da cutar ke shiga ta cikinta, ya kuwa warke. Masana suka yi shekaru suna gwada jininsa kafin su yarda, suka kuma yi gargaɗin cewa aikin yana da haɗari, ba zai yiwu ga mutane kusan miliyan 40 ba. A shekarar ce kuma Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya yi shelar cewa yana warkar da ƙanjamau da ganyaye, ya raba majiyyata da magungunansu, wasu suka mutu.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni ya san cewa yana iya tsufa bai ga ƙarshen aikin ba. Duk da haka ya shiga. Miliyoyin da ke shan magani suna rayuwa lafiya a yau, daga gwajin da aka yi a 1983 aka faro.