Aikin ido da hasken lazer: karanta allon likita bai isa shaida ba

Mai tabarau ya san wahalarsa: ƙura ta rufe gilashi, zufa ta zamar da shi, in ya fashe a nemi kuɗin wani. Shi ya sa aikin nan da ake ce ma LASIK, wanda Amurka ta amince da shi tun 1999, yake jan hankalin masu hali.

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai, kaurinsa rabin milimita da ɗan ɗoriya, shi ke yin kusan kashi 2 cikin 3 na aikin tattara haske. Likita yana ɗaga ɓawonsa na sama, lazer ta kankare na ƙasa, sannan a rufe. Abin da aka kankare ba ya sake tsirowa.

Bayan aiki, in mutum ya karanta ƙananan baƙaƙen allon likita sai a ce an yi nasara. Mu a ganinmu wannan awo bai isa ba. Binciken da hukumar magunguna ta Amurka ta jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya nuna fiye da kashi 95 cikin 100 sun gamsu da ganinsu. Amma cikin waɗanda da ba su da wani ƙorafi, har kashi 46 sun fara ganin abubuwa irin su zobe kewaye da fitila bayan wata 3, har kashi 28 kuma sun koka da bushewar ido. Mai tuƙin dare tsakanin Maraɗi da Damagaram ya san ma'anar fitilar da ta watsu cikin ido.

Bushewar nan ta fi damunmu. Lazer tana yanke ƙananan jijiyoyin da ke sa ido yin hawaye, mu ko ƙasarmu ta hunturu ce da ƙura. Ga kuma amodari, wanda ya bar ma mutane da yawa tabo.

Don haka mai niyyar fita waje ya yi wannan aiki, ya nemi a auna kaurin tantanin da hawayensa, a ɗauki taswirar fuskar tantanin kafin aiki da bayansa, a ba shi takardun a hannu, domin likitan gida ne zai bi shi in ya komo. Lazer ɗin nan ba ta cire yanar ido, kuma wanda ya haura shekara 40 galibi sai ya koma ga tabarau na karatu.